Tsoho da Tsohon Babur: Bitar Fim Ɗin The World's Fastest Indian

Sunan fim ɗin ne ya yaudari ƙanena. Da ya ga an rubuta The World's Fastest Indian a fuskar talabijin sai ya gyara zama, a zatonsa Indiya za mu kalla, irin wanda jarumi zai bi yarinya cikin furanni yana waƙa, daga baya ya naushe ƙarti goma sha biyu shi kaɗai. Minti biyar da farawa ya juyo ya ce, "Yaya, ina Indiyawan?" Babu ko ɗaya. Abin da ke gabanmu wani tsohon Bature ne mai nauyin ji, ya tashi da asubar fari a wani ɗakin bulo da ya haɗa makwanci da gareji, ya tayar da inji ya hana unguwa barci. Indian ɗin sunan babur ne, kuma ba ma ƙirar Indiya ba irin Bajaj ɗin da 'yan acaɓa suka saba hawa. Wani kamfani ne a garin Springfield na Amurka ya ƙera shi. Ƙanen nawa ya yi tsaki, ya ce minti goma zai ƙara ya tafi. Bai tashi ba sai da sunayen 'yan wasa suka fara hawa a ƙarshe, bayan awa biyu da 'yan mintoci.

Labarin ba ƙage ba ne. Burt Munro mutumin Invercargill ne, wani gari a can ƙarshen kudancin Niyu Zilan, inda ƙasa ke shirin ƙarewa teku ya karɓa. An haife shi a 1899. A 1920 ya sayi babur ɗin, samfurin Scout, injinsa cc 600, iyakar gudunsa mil 55 a awa, wato wajen kilomita 89, gudun da Boxer mai lafiya ba zai ji tsoronsa ba. A 1926 ya fara taɓa injin, kuma bai sake barinsa ya huta ba. A 1967, shi yana da shekara 68, babur ɗin yana da 47, ya kai shi filin gishiri na Bonneville a Amurka ya yi gudun da ya haura kilomita 295 a awa. Har yanzu sunansa ne a kan wannan aji na babura masu injin da bai kai cc 1000 ba.

Roger Donaldson, wanda ya rubuta fim ɗin kuma ya ba da umarni, ya san tsohon ido da ido. Tun yana matashi ya bi shi da kyamara ya yi gajeren fim na gaskiya a kansa a 1971, sannan ya tafi Hollywood ya yi suna, amma labarin bai sake shi ba sai da ya dawo ya yi wannan a 2005. Ana ganin wannan sanayya a rabin awa na farko, wanda a wurina shi ne mafi daɗi a fim ɗin gaba ɗaya, kuma kusan duk a cikin ɗakin nan na bulo aka yi shi.

Kamfanin Indian na asali ya daina ƙera babura tun 1953. Ko da Burt na da kuɗi, babu kantin da zai shiga ya ce a ba shi kayan gyara, balle kuɗin ma babu. Komai da hannunsa yake yi. Muna kallo ya tattaro tsofaffin fistan na Ford da na Chevrolet, ya narka su a tukunya, ya tsiyaya narkakken ƙarfen a mazubi, ya jira ya kama jiki, sannan ya tsoma shi cikin duron ruwa ya yi cuu, tururi ya tashi. Daga wannan duron kuma yake ɗibar ruwan shayinsa, har ya ba baƙo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Fanteka ta Kaduna ya ga yadda ake narka tarkacen alminiyam ana zuba tukwane, ba sai an fassara masa wannan wuri ba. Ya san zafin, ya san warin, ya san irin kallon da mai sana'a ke yi wa ƙarfe kafin ya ce ya yi. A jikin bango akwai kanta da ya jera fasassun fistan da karyayyun ƙarafa, duk waɗanda suka tarwatse a wajen gwaji, ya rubuta a jikin katakon cewa hadaya ce ga gunkin gudu. Barkwancin tsoho ne ba addini ba, amma kowane guntu a kantar nan aikin makonni ne da ya tashi a banza cikin daƙiƙa guda, kuma mutumin bai zubar da ko ɗaya ba.

Wurin taya ya ba ni dariya sosai. Ya sa Tom, yaron maƙwabta, ya ɗauko masa wuƙar yankan naman uwarsa a ɓoye, ya zauna yana fere tudun tayar kamar mai fere rogo har ta yi sumul. Yana da dalili: in gudu ya yi tsanani taya takan buɗe ta ƙara girma, in da tudu a jikinta sai ta riƙa gugar jikin babur. Tsagewar da tsufa ta yi wa robar kuwa, man goge takalmi ya samu ya cike ta, ya goge ta yi baƙi wuluk kamar sabuwa. Donaldson ba ya gaggawa a irin waɗannan wurare. Yakan bar kyamara a kan hannun tsohon, a kan baƙin mai da ya zauna a ƙarƙashin farce, har mai kallo ya yarda cewa wannan hannu zai iya. Finafinan tsere da yawa sukan nuna mana gudu su ɓoye gyara, kamar inji daga sama yake faɗowa. Wannan ya fara da gyaran, shi ya sa lokacin da gudun ya zo muka san abin da zai iya fashewa.

A matsayin maƙwabci kuwa, Burt jarrabawa ne. Ban da tayar da inji kafin gari ya waye, kullum da safe sai ya yi wa bishiyar lemun tsaminsa fitsari, wai taki ne. Ciyawar gidansa ta zama daji a tsakiyar unguwar da kowa ke aske tasa. Da aka matsa masa ya gyara kafin ya yi tafiya, sai ya yayyafa mata fetur ya ƙyasta ashana, har sai da motar kashe gobara ta zo. Ka ce za a tsane shi. Ba a tsane shi ba, kuma wannan aikin Anthony Hopkins ne.

Mafi yawan masu kallo sun san Hopkins ne da fitowar mugu, musamman Hannibal Lecter a The Silence of the Lambs, wanda ya ba shi kyautar Oscar ta farko. A can idonsa ba ya ƙiftawa, kowace kalma a aune take kamar guba. A nan ya kwance duk wannan ya ajiye. Burt ɗinsa kan karkata kai ya miƙa kunne, ya amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba, ya yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa bayan maganarsa tun kafin kowa ya gane abin dariyar. Tafiyarsa ta mutumin da gwiwoyinsa suka sha faɗuwa ce. Abin da ya fi burge ni shi ne bai nemi mu tausaya masa ba. Likita ya gaya masa zuciyarsa ta samu matsala, ya ba shi 'yan ƙwayoyin da zai riƙa sawa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, ya ce hawan babur ya ƙare. Wani ɗan wasan da nan zai zauna ya yi mana hawaye. Hopkins ya sa kwalbar a aljihu ya koma gareji. Can a filin gishiri ma, da ya ɗauko ƙwayoyin, ɗaya ya sha, ɗaya ya jefa a tankin mai, wai ita ma tsohuwar ta samu ƙarfi. Shi da Donaldson sun taɓa aiki tare a The Bounty a 1984, kuma ba su rabu da daɗi ba a lokacin. Shekara ashirin bayan nan suka sake haɗuwa, su ma sun manyanta, suka yi fim a kan tsohon da ya ƙi yarda an gama da shi.

Babu mugu a fim ɗin nan. Na jima ina jiran a fito da shi, domin ka'idar finafinan wasanni ke nan: dole a sami abokin hamayya mai kuɗi da girman kai wanda za a kunyata a ƙarshe. Da 'yan daban babur suka kutso wajen bikin da aka shirya wa Burt, suka yi masa ba'a, aka tafi bakin teku a yi tsere, na ce to ga su nan. Ya wuce su kamar suna tsaye, ya zo juyawa ya faɗi, suka ci. Sai ga su ranar tafiyarsa sun biyo motarsa a jere suna yi masa rakiya, har da ɗan abin da suka tara suka damƙa masa. Abokan gābar Burt na gaskiya su ne rashin kuɗi, da tsufa, da zuciyar da ke barazanar tsayawa, da takardun hukuma.

Ya jinginar da gidansa a banki, ya shiga jirgin ruwan dakon kaya a matsayin kuku don ya biya kuɗin jirgi da guminsa. Daga saukarsa Los Angeles fim ɗin ya zama labarin tafiya, kuma a nan ne masu suka suka fi samun abin faɗa. Sun ce ya yi zaƙi da yawa: kowa ya haɗu da tsohon sai ya taimake shi. Akwai gaskiya a ciki. Tsakiyar fim ɗin ta ɗan ja, har mutum ya fara ƙirga masu alheri kamar tashoshin mota. Ga Tina, ɗan daudun da ke karɓar baƙi a masaukin da ya sauka, wanda ya raka shi karɓo babur a kwastan. Ga Fernando mai sayar da tsofaffin motoci. Ga Jake, dattijo daga 'yan asalin ƙasar Amurka, wanda ya tsince shi a hanya bayan ƙafar tirelarsa ta fice, ya ba shi masauki, ya ba shi laya da maganin gargajiya na ciwon fitsarin tsofaffi. Ga Ada, bazawarar da ta buɗe masa garejin marigayi mijinta. Ga wani matashin sojan sama da ya zo hutu daga yaƙin Biyetnam. (Iyaye su sani, akwai wurare biyu da tsohon ya kwana da matan da ba nasa ba, ba a nuna tsiraici ba, amma ba fim ne da za a bar wa yara su kaɗai ba.)

Sai dai da na sake kallo na lura da abin da ya kuɓuce mini da farko. Burt ba ya cin na kowa a banza. Fernando ya ba shi aron gareji ya haɗa tirela, shi kuma ya kwana yana gyara masa motocin da suka gagari yaransa, har mutumin ya roƙe shi ya zauna ya yi masa aiki. Ada ta ba shi wurin walda, shi ya raka ta kabarin mijinta ya saurare ta. Wanda ba shi da abin ba shi, yakan ba shi kunne da girmamawa, ko da kunnen ba ya ji sosai. Ba ya tambayar mutum asalinsa kafin ya gaishe shi. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. Tsohon nan ya bar gida ba shi da kowa a Amurka, kafin ya isa Utah ya yi dangi a kowane zango. Wannan ne zumuncin da fim ɗin ya damu da shi, na hanya da na maƙwabtaka.

Mafi ƙarfinsa kuwa shi ne na Tom. Yaron ba jininsa ba ne, iyayensa ma ba sa son yana shiga garejin, amma kullum yana can, yana miƙa sifana, yana tambaya. Shi kaɗai ne a garin ya yarda tun farko cewa tsohon zai karya tarihi. Akwai wurin da ya tambaye shi ko ba ya tsoron mutuwa, Burt ya ba shi labarin ɗan'uwansa tagwai da bishiya ta faɗo wa suna yara. Hopkins ya faɗi labarin a hankali, idonsa a wani wuri, ba kiɗan tausayi mai yawa a baya. Da zai tafi, Tom ya bar wa amanar lemun tsamin, da irin takin da aka saba ba shi. Duk wanda ya tashi a unguwar da akwai wani dattijo mai sana'a da yara ke taruwa a gindinsa, ya san irin wannan jika na aro.

Bonneville busasshen gindin wani tafki ne na zamanin da, kusa da garin Wendover, fari fat, shimfiɗe kamar faranti, babu ciyawa babu tudu sai duwatsu can nesa. Kowane watan Agusta masu neman gudu kan taru a can. A nan ne Malcolm Campbell ya fara haura mil 300 a awa da mota a 1935. Burt ya iso tun kafin taro, ya taka gishirin, ya tsaya yana kiran sunayen waɗanda suka yi gudu a wurin kamar mai lissafa kakanninsa, muryarsa na rawa. Shi ne wuri guda da ya bari muka ga nauyin abin a zuciyarsa.

Sannan takarda ta tare shi. An riga an rufe rajista. Shi a zatonsa zuwa kawai ake yi a hau. Da wani direban tsere, Jim Moffet, ya sa baki aka yarda a duba babur ɗin, sai aka shiga wurin da ya fi kowane ban dariya. Masu duba sun zagaye shi suna kallon juna. Murfin tanki toshiyar kwalbar giya ce. Wani maƙalin kuma daga ƙofar kicin aka ciro shi. Ga tayoyin nan da aka fere da wuƙa. Babu lemar tsayawa, babu rigar kariya daga wuta, birkin ma sai a hankali. Da aka yi masa maganar birki ya ce shi tafiya ya zo yi, ba tsayawa ba. Na so yadda ba a mayar da jami'an nan azzalumai ba. Gaskiya suke da ita: doka ta hana, kuma in ya mutu su za a tambaya. Da suka sassauta suka ce ya ɗan gwada a hankali suna biye da shi a mota, ya canza giya ya bar su da farar ƙura.

Gudun ƙarshe an ɗauke shi da kyau ƙwarai. Babur ɗin yana cikin wani jan kwanso mai siffar kifi, Burt na kwance a ciki rub da ciki, ƙafarsa manne da salansa. Ya gwada naɗe ƙafar da ƙyallen da ba ya cin wuta, ta ƙi shiga, ya warware ya yar. Mun riga mun san babur ɗin na fara rawa da gindi in gudu ya yi nisa, mun ga ya narka dalmar tsofaffin batira don ya ƙara masa nauyi, bai gamsu ba ya cire. Saboda haka da mai sanarwa ya fara karanto gudun mil bayan mil, lambar na hawa, kwanson na kaɗawa, naman ƙafarsa na ƙuna, ba mu buƙatar a gaya mana haɗarin. Ya ɗago kai cikin iskar don ya daidaita babur ɗin, iska ta fizge tabarau. Ƙanena da ya ce minti goma zai ƙara, a tsaye ya kalli wannan wurin.

Inda nake da magana da Donaldson biyu ne. Na farko ƙarami ne. Burt na gaskiya ya je Bonneville sau da yawa, ya kafa tarihi sau uku, a 1962 da 1966 da 1967, fim ɗin ya dunƙule su a tafiya ɗaya. Ya kuma ba shi mil 201.851 a awa a gudu guda, alhali ba a rubuta tarihi a can sai an je an dawo an raba biyu, kuma mafi girman gudun da aka auna masa a hukumance a tafiya ɗaya mil 190.07 ne. Wannan ban riƙe shi da zafi ba. Mai ba da labari yana da 'yancin harhaɗawa, ko da yake mutumin da ya yi 190 da fistan ɗin da ya zuba a tukunya ba ya buƙatar a yi masa ƙari.

Na biyun ya fi damuna. Burt Munro ya yi aure a 1927, ya haifi 'ya'ya huɗu, daga baya auren ya mutu. Ba ka ganin ko ɗaya daga cikinsu a fim ɗin. Ɗan'uwan nan tagwai da bishiya ta kashe ma ƙirƙira ce. Abokiyar tagwaitakarsa mace ce, kuma tun wajen haihuwa ta rasu. Wato an ɗauke iyalin da yake da su, an ƙago masa wani rashi mai sauƙin ɗauka, an ba shi ɗan maƙwabta ya maye gurbin 'ya'ya. Na gane dalili: tsohon da ba shi da kowa ya fi saurin shiga rai. Amma mutumin da ya ba inji shekara arba'in na rayuwarsa, akwai waɗanda suka biya wani ɓangare na kuɗin, kuma fim ɗin bai tambaye su ba. Da ya yi, da zaƙin ya ragu, da kuma Hopkins ya sami wani abu mai ɗaci da zai tauna, shi da ya iya. Ina son fim ɗin yadda yake, na kalle shi sau uku, amma duk lokacin da tsohon ya ɗaga waya daga Amurka don ya ba da albishir, gidan su Tom ya kira, sai in ji wani abu ya tsaya mini.

Burt ya rasu a watan Janairun 1978. Babur ɗin yana nan a Invercargill, a cikin wani kantin sayar da kayan aiki da ƙarafa mai suna E Hayes and Sons, mutane na shiga sayen ƙusa su tsaya kallonsa. Takardar shaidar gudun 1967 ta ce mil 183.586 a awa, kuma haka kowa ya riƙa faɗa shekara da shekaru. Sai ɗansa, ɗaya daga cikin huɗun nan da ba a nuna ba, shi ma ya riga ya tsufa, ya zauna da takardar ya sake lissafin zuwa da dawowa, ya ga an yi kuskure. Ya kai maganar ga hukumar tseren babura ta Amurka. A 2014, shekara 36 bayan an binne mahaifinsa, aka gyara lambar ta koma 184.087. Rabin mil ne a awa aka ci wa tsohon, ɗan ya karɓo masa.